Sitacin Rogo da Mayaƙan Kakana

Ko me zan manta a rayuwata, ban da safiyar da na janyo kwalin nan daga jikin bango na ji shi sakayau a hannuna. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Daura. Ni da wani abokina malamin makaranta muka kamu da wani wasa da ake mana dariya a kansa. Mukan zana mayaƙan zamanin da a kwamfuta, mai baka, mai mashi, mai garkuwa, in buga su a takarda, mu yanke da almakashi, mu manna a kwali su tsaya da ƙafarsu. Sai mu jera su a tebur, tsakuwa ta zama dutse, zare ya zama rafi, mu sake gwabza yaƙin da aka gama tun ba a haifi iyayenmu ba. Matata ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ƙato da gemu yana wasan 'yartsana ba sai ni.

Wata rana na je gaida kakana a ƙauyenmu, can bayan Baure, da 'yan sojojin a aljihu. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da idonsa.

"Wane ragon ne ya ba mutum garkuwa a hannun dama?" in ji shi. "Kai ne ko? Shi ya sa kakarka ta zaɓe ni ta bar ka."

Daga tsokana sai zance ya ɓalle. Ashe kakansa na cikin waɗanda suka tare mahara a bakin ƙauyen, kuma tsohon nan ya haddace kowa: wanda ya tsaya a gindin kuka, wanda ya tsare rijiya, wanda ya fita bai dawo ba. Babu wanda ya taɓa zama ya saurare shi, kuma duk garin shi kaɗai ya rage da ya sani. Na ciro waya zan ɗauki muryarsa, ya kawar da kai.

"Ni ba na yi wa ƙarfe hira. Rubuta a bayan mutumin, kowa ya goyi sunansa."

Abin ya zo daidai da wasanmu, don dama a bayan soja muke rubuta bayaninsa. Wata huɗu cur, duk Asabar ina kan babur. Yana jera su a tabarma yana faɗa, ni ina rubuta suna, sunan uba, kirari da wurin tsayuwa. Mutum saba'in da uku muka tayar.

To ga inda na kashe kaina. Gam ɗin kanti yana sa takarda ta yamutse, sai na dama sitacin rogo irin na masu manna fosta a bango. Ya kama tsaf, har ina cika baki wai na gano dabara. Matata ta ce in kwafe rubutun a littafi. Na ce mata sai na gama na ƙarshe. Da na gama kuma sai na ce gobe.

Damina ta sauka, rufin shago ya fara yoyo, na kwaso sojojin a kwali na ajiye a tsohon ɗakin ƙasa na gidanmu, a ƙasa, jikin bango. A tsakanin nan aka bugo mini waya cewa kaka ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Muka yi ta jinya wajen wata biyu. Ina zaune gefensa ina lallashin kaina cewa ko ba komai na riga na rubuta.

Ranar da na buɗe kwalin, jar ƙasa na fara gani. Gara ta bi zaƙin sitacin nan ta gina hanyoyinta, ta cinye su tun daga ƙafa. Na zazzage a tsakar gida, na ari rariyar matata ina tankaɗe ƙasa kamar mahaukaci. Kai ɗaya nan, tsinin mashi can, rabin kalma da ba ta da gaba ba ta da baya. Matata ta tsaya a kaina tana kallon abin da ya rage a rariyar, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zauna na matse ƙwaƙwalwata har azahar, suna goma sha ɗaya na iya tunowa, su ma ban tabbatar da wane ne ke gindin kuka ba.

Zanen yana nan a kwamfuta, a yini ɗaya na sake buga su, fes da su. Na kai wa kaka na jera a tabarma. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauki ɗaya, ya juya bayansa. Fari fat. Ya ɗauki wani, haka. Bai iya karatun boko ba, amma ya san inda tawada take zama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ƙwanƙwasa bayan takardar da yatsa, alamar in rubuta. Na ciro biro. Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙarin magana har hawaye ya gangaro masa. Ina riƙe da biron nan har aka kira la'asar. Kafin girbi ya rasu.

Ban ƙara jera soja a tebur ba. Ba na jin haushin gara, abincinta na dama mata da hannuna. Abin da na koya, kuma na koya a makare, shi ne in tsoho ya damƙa maka abin da babu shi a wurin kowa, a ranar za ka kwafe shi wuri biyu, wuri uku, kafin ka sha ruwa. Ni na tsaya gyaran garkuwa da mashi, na bar mutum sittin da biyu suka sake mutuwa a hannuna.