Likitar da Ta Duba Harshen Maigidana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina cikin shanya kayan yara nas ɗin asibitinku ta kira ni a waya ta ce Allah ya yi miki rasuwa, bayan kwanciyar da ba ta kai mako ba. Likita, ban ma san kin kwanta ba. Na zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zane a hannu, na rasa yadda zan gaya wa maigidana.

Ni na fara zuwa wurinki, lokacin da dasashina ke jini in na goge baki. Kika kankare mini dattin da ya daskare a gindin haƙora, kika ce in riƙa dawowa duk wata shida ko babu abin da ke yi mini ciwo. A wurinki na fara jin ana zuwa asibiti da lafiya. Da na ga amfanin abin na matsa wa maigida. Shi tela ne, da haƙori yake tsinke zare ko almakashi na gefensa, har haƙoransa biyu sun yi kaifi. Ya bi ni yana mita, wai an raba shi da ɗinkin mutane don a wanke abin da yake wankewa kullum.

Ke kuwa ba kya kunna inji sai kin kama harshen mutum da ƙyallen auduga, kin ɗaga, kin juya shi dama da hagu a ƙarƙashin fitila. Kowa haka kike yi masa, yaro da babba. Da kika sake shi ya ce wankin haƙori ya zo, ba awon harshe ba. Kika yi dariya kika ce, "Malam Tela, kai ma in an kawo maka gyaran aljihu ai sai ka juya rigar ka duba cikinta." Sai kika sake ɗaga harshen, dariyar ta tsaya.

Wani ɗan miki ne fari a gefe. Ya ce haƙorin ne ke gogarsa, kuma ba ya zafi. Kika goge kaifin haƙorin, kika ce ya dawo bayan sati biyu. Bai dawo ba. Ranar nan sai ga ki a ƙofar shago, bayan kin tashi daga aiki, da jakarki a kafaɗa. Kika zauna kan benci a cikin yankakkun yadi, kika ce ba inda za ki sai ya buɗe baki. Kunya ta sa ya buɗe. Mikin yana nan, ya ƙara faɗi.

A babban asibitin da kika tura mu suka ce ciwon daji ne, amma an kama shi da wuri. Suka yanke gefen harshen. Ya rayu, sai dai maganarsa ta yi nauyi, mutumin da a da baƙo ma sai ya tsokane shi. Yanzu a shago da hannu yake nuna wa mutane kalar zare. Ba ya buɗe baki a gaban wani bare sai ke. Duk wata uku kike duba wurin, domin kin ce abin yana iya dawowa ba tare da ya ji komai ba. Kina wanke masa haƙora kina yi masa hira, kina jiran amsarsa komai daɗewarta, ba ki taɓa ƙarasa masa magana ba. Ni matarsa ina ƙarasa masa.

Da na gaya masa rasuwarki, ya rufe keken ɗinki da zane. Da ranar dubawarsa ta matso ya ce shi ya gama, ba zai nuna wa baƙon ido wannan bakin ba. Na roƙa, yayarsa ta yi faɗa, ya ƙi. Daga ƙarshe na ce, "Maigida, baiwar Allah nan ta biyo ka har shago da gajiyarta. Yanzu don ta kwanta dama sai ka zubar mata da wahala?" Ya tashi ya fita. Da safe na tarar ya sa hula yana jirana a zaure.

Ɗakin aikinki yana nan yadda kika bar shi, sai wani matashin likita a wurinki. Mutumin kirki ne. Ya ɗaga harshen ya daɗe yana kallo, ya ce akwai wani ɗan wuri da yake so ya sake gani bayan sati biyu, kada mu tayar da hankali. Da ke ce, da na bi ki bakin famfo inda kike wanke hannu na ce ki faɗa mini gaskiya, da kuma kin faɗa. Shi ban iya tambayarsa ba. Muna jira. Maigida ya ce zai koma.

Allah ya jiƙanki, Likita, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa wahalar da kika yi da bakunan mutane ta zame miki nauyi a mizani. Ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki da na gani wurin ta'aziyya a zaune ta kasa ɗaga kai, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. In kun ɗaga hannu kuna yi mata addu'a, ku sa da telan nan. Amin.