Ƙorai Uku da Gafara Sittin

Shekarar da fari ya cinye geron Kurfai ina da shekara tara, soja ke mulki, kuma rumbunmu a Filinge ba komai cikinsa sai ɓeraye. Mu huɗu ne a hannun kakata Hajo, uwar babana, shi baban namu ya tafi neman abinci kudu. Bayan magariba takan hura wuta da kara, mu kewaye ta, matan maƙwabta ma su zo da tabarminsu. Ko babu tuwo, tatsuniya ba ta fashi.

A lokacin ana rabon dawa a magaza, wato ɗakin ajiyar hatsi na gwamnati. Al'adar matan garinmu, tun asuba kowace ta kai ƙwaryarta ta ajiye a layi ta koma aikin gida, ƙwarya ce ke riƙe mata wuri, kuma ba mai taɓa ta wani. To kwana biyu a jere muka tarar an ɗauko ƙorai uku na gidan wani babban ɗan kasuwa an dasa a gaba. Kwana biyun nan dawa ta ƙare kafin a zo kanmu. Da mata suka yi gunaguni, sarjan mai rabon ya ce, "Mutum uku kaɗai ne, mene ne na surutu?"

Ran nan Kaka ta zauna, fuskarta a murtuke. Ta ce, "Ga ta nan, ta zo da ƙishirwa." Muka ce ta zo mu ji.

Wai namun daji biyar suka je rijiya. Kunkuru ya fara zuwa, sai bushiya, sai zomo, sai dila, kura ce ta ƙarshe. Kura ta daka tsalle ta dira gaban kowa. Dila ya ga banza ta faɗi, ya zame gaban zomo. Aka zura guga, ashe ruwa ya ja ƙasa gaba biyar, igiya ba ta kai ba.

Kaka ta kumbura murya irin ta kura: "Ni tsalle guda ɗai niy yi!" Sannan ta sassauta ta zama kunkuru: "Tsallenki guda, amma mu huɗu kika tsallake. Ga na dila bisa zomo, biyar ke nan. Rijiya ba ta ƙirga tsalle, waɗanda aka taka take ƙirgawa."

Maganin kuwa, ba a yarda kura ta kewaya baya ta ɓoye kunyarta ba. Sai dai ta musanya wuri da na bayanta, ɗaya bayan ɗaya, kowane ta dube shi ta ce gafara. Dila ma ya yi wa zomo haka. Kowace gafara, ruwa ya hau gaba guda. Da ta biyar ta cika, guga ya taɓa ruwa. Kaka ta ce, "Nan ta tsaya, wanda ya ji ya ji." Ba mu ta kalla ba, matan ta kalla.

Washegari ƙoran nan uku suna gaba kamar kullum. A zamanin nan kuwa magana ɗaya kan kai mutum ɗakin duhu. Kaka ta tako da sandarta har gaban sarjan.

"Ɗana, ka ce uku. Mu ashirin muka riga su. Kowace ta tsallake ashirin, sittin ke nan. Ko lakkwal da ka yi karatu ba ta koya maka ba?"

"Tsohuwa, koma wurinki!"

"Wane wurin? Shi nike nema."

Sai matar da ke ta farko ta ce an tsallake ta sau uku. Ta biyu ta faɗi haka. Magana ta bi layi har ta ashirin, ba ihu, ba zagi, kowace na tsaye kan ƙwaryarta. Sarjan ya dubi bindigarsa, ya dubi tsofaffi sa'o'in uwarsa, ya kau da kai. Biyu daga matan ɗan kasuwar suka suri ƙoransu suka gudu gida. Ta ukun, yarinya ce mai goyo, ta ja baya taki-taki, tana cewa gafara ga kowace. Kaka ta ƙirga mata da ƙarfi har ashirin, sannan ta ce, "Ke ɗiyar kirki ce. Saura arba'in, suna wuyan masu su." Daren nan muka ci tuwo.

Shekaru suka wuce, soja suka tafi suka dawo, na shiga jami'a a Yamai. Wata rana mushen lissafi, wato malaminmu, ya jera lambobi a birkice a allo, ya ce a ƙirga kowane biyu da babba ya riga ƙarami, wai adadin nan shi ne yawan musanyar maƙwabta da za ta gyara jerin. Na fashe da dariya har ya tambaye ni lafiya. Na ce matar da ba ta san bihim ba ta koya mini wannan a bakin murhu.

Yau ni ke koyar da lissafin. Kuma har gobe, a asibiti ko a layin zaɓe, in aka shigo da wani gaba aka ce mini mutum ɗaya ne kawai, ba shi nake kallo ba. Juyawa nake in ƙirga na bayansa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.