Jirgin Baba a Kan Hita

Shekaru sun ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa ne na haɗa wata rana da wata. Abin da na tabbatar shi ne hunturu ne, bayan na gama digiri na biyu, ina haya a wani ɗaki a unguwar Mount Hope, can ƙasar waje, ina jiran aiki.

Akwai wani dattijo a cocinmu, tsohon direban bas, kowa Baba yake ce masa. Sha'awarsa ita ce ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako, irin na dā masu tafiya da iska. Ni yake kira ranar Asabar in riƙe masa zaren ɗaure sandunan jirgi, saboda idanunsa sun fara gajiya. Wanda yake yi a lokacin kwaikwayon jirgin dakon ganyen shayi ne mai dogayen sanduna uku, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Shekara uku yana manna siraran falankai ɗaya bayan ɗaya, ko huɗu, ban tabbata ba.

Da za a yi masa aikin ido, zai zauna mako biyu a gidan 'yarsa a unguwar Soundview, sai ya kawo mini jirgin. Ya ce, "Amana ce, ɗana. Ka manna ƙofofin saman nan in ka samu sukuni."

Na manna su da gam. Sai na yi abin da na taso na ga ana yi: abu mai danshi, a kai shi wurin zafi ya bushe. Babu rana, sai na ɗora shi a kan allon da ke bisa hita, na'urar da ke ɗumama ɗakina. Ina jin kwana uku ya yi a can.

Da na sauke shi, falankan gefe sun rabu. Tsaga biyar na ƙirga, ana hango haske ta cikinsu. Na zauna a bakin gado ina kallonsu. Saura kwana huɗu Baba ya dawo.

Maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Gaya ta Nijar mai shagon atamfa, ta gan ni a matakala da jirgin a rungume.

"Ɗan boko, wa ya mutu?"

Na nuna mata. Ta juya shi, ta ƙyalƙyale da dariya. "Duk karatun nan ba a gaya maka katako na jin ƙishirwa ba? Ubana kwalekwale yake sassaƙawa. In ya tsage, a kogi ake nutsar da shi har ya kumbura. Cika bahon wanka."

"Hajiya, gam ne ya riƙe shi. In ya shiga ruwa, ina tsoron itacen girki za mu kwaso."

Ta miƙo hannu. "To, kawo shi. Gobe ina dambu."

Ta ɗora shi a saman kabad ɗin kicin ɗinta, nesa da wuta, ta rufe taga, ta aza madambaci. Tururi ya cika wurin har gilashi na zubar da ruwa. Ni kuwa ina tsaye ina leƙawa kowane minti, sai da ta kore ni da ludayi. Kwana biyu a jere ta yi dambu saboda ni, na kuma ci har na gaji, ba don ina jin yunwa ba. Tsaga huɗu suka haɗe. Ɗaya, ta kusa da baya, ta ƙi.

Ranar da Baba ya zo, da baƙin tabarau a fuskarsa, na riga na shirya jawabi. Na fara, "Baba, ku gafarce ni, akwai abin da…" Bai saurare ni ba. Ya bi jikin jirgin da babban yatsa har ya tsaya a kan tsagar.

"Wannan tawa ce," in ji shi. "Tun hunturun farko take. Ni ma a kan hita na koyi darasi, shi ya sa kake ganin kwanon ruwa a kan tawa. Na manta ban faɗa maka ba." Sai ya kai jirgin hanci. "Amma me ya sa yake ƙamshin zogale?"

Na faɗa masa komai, har tsagogi huɗun da bai gani ba. Ya yi dariya har ya dafe idon da aka yi wa aiki, ya ce a kai shi ya gaida wannan injiniya. A ranar na ji yunwa ta gaske karo na farko a makon.

Har yau ina ɗan shakka ko tsagar tasa ce da gaske, ko rufa mini asiri ya yi. Ban taɓa lura da ita ba kafin nan, amma ni zare nake kallo, ba falanki ba. Idan Hajiya ko 'yar Baba, ko wani da ya san jirgin kafin ya zo hannuna, ya tuna abin ba haka ba, don Allah ya aiko mini in gyara, musamman a kan wannan tsaga ta biyar.