Malama Hussaina da Ƙauyen da Ya Ɓace Cikin Littattafai Tara

Ƙarfe bakwai da rabi Malama Hussaina ke buɗe shagonta na buga takardu kusa da tashar Madarumfa. Ta share, ta yaye zanen da ke lulluɓe da ordinatarta, wato kwamfuta, ta goge tabarau da bakin mayafi, sai aiki. Shekara ashirin da shida ke nan a haka. Watan nan za ta aje aiki, ido ya gaji. Kafin ta rufe ƙofa, ga abin da ta yi a shekarar da rabin kasuwa ke mata kallon 'yar leƙen asiri.

Wata ƙungiya ce ta zo haƙa rijiyoyi, da sharaɗi guda: ƙauyen da sunansa bai fito cikin tsofaffin littattafan binciken ruwa ba, ba ya cikin rabo. Littattafan tara ne, bugun shekaru daban-daban, kowanne da jerin sunayen ƙauyuka da lambar shafi a bayansa. Aka jibge mata su, aka ce ta haɗe jerin taran su zama ɗaya, rubutu tsura ba ado, wanda ko ƙaramar waya za ta buɗe. Kwana goma sha biyu aka ba ta.

Kwafa da jerawa kawai aka nema. Amma Hussaina ba ta taɓa yarda da takarda don an buga ta da inji ba. Rana ta huɗu ta tsaya cak. Wani Gidan Isa yana littafi na biyu da na uku, daga nan shiru. Gidan Zakari kuwa, da mutanensa suka fi kowa kukan ruwa, babu shi ko'ina. Ƙauye ba ya tashi sama, ba ya kuma tsirowa rana ɗaya. Ta san al'adar ƙasar nan: ana kiran ƙaramin gari da sunan maigarinsa, in ya rasu sunan ya bi magaji.

Ranar kasuwa ta fara tambaya, wa ya san Gidan Isa? Kafin la'asar magana ta zaga: masu haraji ne suka ɗauke ta, a'a, masu ƙwace gonaki ne. Ta hau kabu-kabu ta nufi Gidan Zakari, can wajen Safo. A hanya ta wuce mata suna kora amalanken jaki shaƙe da jarkoki, tun hantsi suke tafe daga rijiyar wani gari.

Maigari Zakari ya dubi jakarta kafin ya dubi fuskarta.

"Ranka ya daɗe, sunan mahaifinka nake nema."

"Wa ya aiko ki?"

"Zancen rijiya ne."

"Rijiya ce ke tambayar uban mutum? Waɗanda suka zo bara da takarda su ma da fara'a suka zo. Je ki tambayi Hamza na garin nan ina gonarsa yau."

Dattawan da ke kan tabarma suka kau da kai. Ita ma zuciyarta ta fara raya mata ko akwai abin da yake ɓoyewa. Sai aka daina daka a bayan danga, gwaggon maigari, tsohuwa Balaraba, ta leƙo da taɓarya a hannu.

"Kai Zakari, Isa ya haife ka ko ba shi ba? Garin ga Gidan Isa ne har ranar da muka rufe Isa. Rubuta, ɗiyata! In masu haraji ne, su zo su kwashi jarkoki, su kaɗai muka tara."

Ko a nan Hussaina ba ta rubuta ba. In ta yi kuskure, rijiyar wasu ce za ta ɗauke ta ba wasu. Ta buɗe littafi na biyu, inda aka ce akwai tsamiya biyu gabas da masallaci. Ta taka da ƙafarta: ga tsamiya ɗaya, ga kututturen ta biyu. Sannan ta koma ta buga layin: Gidan Zakari, tsohon suna Gidan Isa, littafi na biyu, shafi na 41. Kafin wa'adi ya cika ta tono wasu ƙauyuka huɗu da suka ɓace haka.

An haƙa rijiyar kafin damina. Makon jiya an ga Zakari yana alwala da ruwanta, yana cewa, "Ruwa dai ya samu. Amma har yau ba ta gaya mini wa ya aiko ta ba."

Ke ce, Malama, kika sha zargi ba ki rama ba. Ke ce mai idon da ba ya tsallake layi. Babu sunanki a jikin rijiyar, babu shi a jerin da kika haɗa. Mun gode, Allah ya saka, ya ƙara wa idon nan haske.

Ku kuma masu buga takardu da za ku gaje ta, ranar da suna ya ɓace muku tsakanin littafi da littafi, kada ku wuce. Ku tashi ku je ku tambaya, ko da za a hana ku tabarma. Akwai mata a bayan sunan nan, suna kan hanya da jarkoki.