Bawul Uku da Usur ɗin Oga

Lokacin da ake kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja, ni ƙaramin injiniya ne, aka ɗora mini na'urar sanyaya wani sabon gini mai hawa uku. Bawul uku ke raba ruwan sanyi, kowane hawa da nasa, amma da ka taɓa ɗaya sai zafin sauran biyun ma ya motsa. Kafin a saita na'urar ta riƙa sarrafa kanta, dole in gano abin da kowane bawul ke yi shi kaɗai. Kwana huɗu aka ba ni, kuma da rahoton nan za a tabbatar da ni a aiki.

Na zauna na tsara jadawali, kowane bawul da lokacin buɗewarsa da rufewarsa, ba wanda ke bin sawun wani. Wasu lokutan ma kwabo na jefa na fitar da su. Na sa mutum uku, kowa da takardarsa da agogo, sannan aka tura ni wani aiki a Jabi na kwana uku.

Sai ga ogan gudanarwa, mutumin da ko fanka bai iya gyarawa ba. Ya ga wannan na murɗawa, wancan na zaune, ya ce shiririta ce, ba a aikin gwamnati ba. Ya sa aka sayo usur. In ya busa a buɗe tare, in ya sake busawa a rufe tare. Wai shi tsari. Dattijon cikinsu, mutumin Abaji, ya ce ranka ya daɗe, injiniya ya hana. Oga ya tambaye shi matakinsa nawa a aiki, dattijo ya koma kan bawul ɗinsa.

Na dawo na tarar da shafuka cike da lambobi, tsaf-tsaf, ba su da amfanin komai. Zafi ya hau, ya sauka, amma wane bawul ya jawo? Kamar mutum uku su tura mota tare, a ce ka faɗi ƙarfin kowa. Na yi masa bayani har bakina ya bushe, yana sakace.

"Injiniya, ai gyara maka na yi," in ji shi. "Dubi yadda suka tafi daidai."

Motocin kayan ma'aikata daga Legas sun riga sun wuce Lakwaja, ba lokacin sake gwajin. Na raba sakamakon gida uku, na ba kowane bawul kashi ɗaya, na miƙa, aka tabbatar da ni. Shekara da shekaru mutanen hawan ƙasa na aiki da rigar sanyi, na sama na fifita da fayil. Har gobe ina raina ogan nan, wallahi. Sai dai sa hannun da ke ƙasan rahoton nawa ne.