Turmin Mama a Waƙar Yaya Choji

Yaya Choji, wai mawaƙi! Mutumin da ko a coci sai dai ya motsa baki. Ni ƙanwarsa Lizzy, da na ji labarin sai da na shaƙe don dariya.

A Filato aka haife mu, amma Hausa ta cinye yarenmu tun muna yara. Mama ce kaɗai take yi mana faɗa da shi. Da Choji ya zo Amurka ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi a Laurel. A nan ya haɗu da Baba Jowan, wani tsohon Bature daga Kornwal a ƙasar Ingila. Tsohon nan ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta waƙoƙi da Kornish, yaren kakanninsa da ya taɓa mutuwa aka tashe shi. Kullum Choji na yi masa aski, shi kuma yana rerawa.

Wata rana ya ce, "Choji, mene ne yarenka?"

"Hausa."

"Da ita mahaifiyarka ke zaginka?"

Shi ke nan fa, ya tsokano mana tsuliyar dodo! Choji ya bi ya addabi kowa da waya, yana farautar kalmomin yarenmu don ya tsara waƙa. Burinsa ɗaya: Kaka Selina ta garin Greenbelt, tsohuwar da ta fi kowa iya yaren a nan, ta ji waƙarsa ta ce yare ne.

Ranar taron 'yan garinmu ya miƙe, gumi sharkaf, ya fara yabon marigayiya Mama da turminta na daka acca. To, a yarenmu turmi da ɗuwawu kalma ɗaya ce, ɗaga murya ne ya raba su. Yayana kuwa ya ɗaga inda ake saukewa. Ya yabi faɗinsa, ya yabi nauyinsa, ya ce duk unguwa ana zuwa aro!

Kaka Selina ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Mu kuwa muna ta tafi, muna cewa amin.

Can ta tsaya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ba wanda ya ji abin da ya ce?" Ba ko ɗaya. Da ta fassara mana, kunya ta kama ni, ba don Choji ba.

"Ashe ni kaɗai na rage," in ji ta.

Choji ya durƙusa. "Mu biyu ne, Kaka, in za ki gyara mini."

Tun daga nan kowace Lahadi bayan coci falonta cike yake, ita da sanda, shi da waƙoƙi, yara a ƙasa. Bana ya sake karanta waƙar turmin a taro, kuma da gangan ɗan banzan ya ɗaga muryar. Wayyo! Ɗakin ya ɓarke. 'Yata Linda, wadda ko sannu da Turanci take amsawa, ita ta riga kowa faɗuwa daga kujera.