Hanyar Tanko Mai Faɗi

Wallahi duk hutun da aka kawo Ummi daga Kura sai na rame. 'Yar kawuna ce, sa'ata. Ni ke kwana ɗakin Iya, kakarmu, a ƙauyenmu na Bunkure shekara cur, amma Ummi na sauka da takalminta mai ƙyalli, ita ce kusa da murhu, ita ce da ƙanzon tuwo. Sai na daina yi mata magana. In an aike mu gona ta bi bakin kanal ɗin ban-ruwa, ni in zagaya ta hanyar mota.

Ran nan bayan isha'i, Iya na tura kara a wuta ta ce, "Ku matso, ga ta nan ga ta nanku. Ke uwar kumburi, har da ke."

Wai wasu 'yan uwa ne manoman tumatir, Tanko da Ilu. Hanyar gonakinsu ɗaya ce, kan kunya, siririya, sai wani ya raɓe wani ya wuce. Dole kullum su gaisa. A nan Ilu ke cewa, "Yau za a sako ruwa ɓangarenka." Amma tumatirin Ilu ya fi ja, abin na cin Tanko. Sai ya share tasa hanyar can nesa, mai faɗi, ba gamuwa da kowa. Daga can yake hangen jan yana tsaki. Sau biyu ana sako ruwa bai ji ba. Shukarsa ta ƙone.

"Da sun gaisa," in ji Iya, "da ya ji na Ilun ma duk tsutsa ce a ciki."

Na ce, "Iya, ai da ni kike."

"Ni na kama sunanki?"

Ummi ta tuntsire da dariya. Na ƙara jin haushinta.

Yanzu ina Kano. An faɗaɗa titinmu, an sa shingen ƙarfe a tsakiya, ba inuwa, kowa sauri yake fuska a ɗaure. Shagon atamfar Ummi na tsallake, daidai inda nake jiran adaidaita. Kullum ina hangen masu saye sun cika mata ƙofa. Sai ka taka har gadar sama kafin ka tsallaka, wannan ne uzurina. Kwanaki a bakin mutane na ji ta yi wata biyu kwance a asibiti, yaranta ne a shagon. Ban sani ba, kuma kullum ina kallon wurin.

Da cewa nake laifin titin ne. Jiya na taka har gindin gadar, na hango Ummi ta sa wa shagon sabuwar ƙofar gilashi. Sai na juyo na tare adaidaita.